Inna Ta Ga Teku Ba Da Ni Ba

Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son abu a wurina sai ta dubi bango ko murhu ta ce, "A miƙo tsintsiya," ni kuma na san da ni ake. In baƙi suka tambaye ta lafiyata, sai ta ce su tambayi mutanen gida. Tun ina ƙarama ake faɗa mini alkunya ce, ba ƙiyayya ba, kuma na yarda. Sai dai yardar ba ta taɓa hana raina ɓaci ba.

Autarmu kuwa sai abin da ta ga dama. Ta kwanta a cinyar Inna, ta sa hannu a kwanonta, ta ce miyar ba gishiri, Inna ta yi dariya. Da aka tashi aure, ita aka kai Gwaram, ni aka bar ni a Birnin Kudu, unguwa ɗaya da Inna. Tun da Baba ya rasu ni ke leƙa ta safe da yamma. Ni ke kai mata niƙa, ni ke raka ta asibiti in ƙafarta ta tashi. Auta sai ta ga dama take zuwa, da ledar lemo a hannu, amma ranar da ta zo sai ka ce Sallah ake a gidan.

Wata rana bayan kaka, an gama sussukar gero, Kawu ya bugo waya daga Legas. Ƙanen Inna ne, ya daɗe a Agege yana harkar shanu, kuma zai aurar da 'yarsa. Aka yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, Auta na gidan a ranar, ita ta riƙe wayar ta buɗe murya kowa na ji.

"Yaya, lallai ki zo," in ji Kawu. "Ki taho da ɗaya cikin 'ya'yanki ta riƙe miki kaya. In an watse biki zan zagaya da ku gari, in kai ku ku ga teku."

Ina tankaɗe a lokacin, sai da rariyar ta tsaya a hannuna. Tun ina firamare nake son ganin teku. Mu nan ruwanmu na kogi ne, ya cika da damina, da rani a haƙa yashi kafin a samu na sha. Ruwan da aka ce ba a hango ƙarshensa, kuma bai san rani ba, ya daɗe yana cina a rai. Inna ta sani sarai, don ta sha jin ina faɗa wa yarana.

Wata maƙwabciyarmu da ta shigo aron turmi ce ta yi tambayar da na kasa yi. "To Inna, da wa za a tafi?"

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dubi garken awaki. "Da Auta mana," ta ce. "Awakin nan kuma a riƙa ba su dusa da wuri, jar ba ta son yunwa."

Rabon ke nan. Auta ta samu teku, ni na samu jar akuya.

Ba wai ban fahimta ba. Tafiyar Legas a mota doguwa ce, za a zauna kafaɗa da kafaɗa, a ci a leda ɗaya, wata ta yi gyangyaɗi a jikin wata. Inna ba za ta iya haka da 'yar fari ba, gara mata ta fasa bikin. Duk na san wannan. Amma ranar da na raka su tasha, na ga Auta ta shige kusa da taga tana gyara wa Inna mayafi, na dawo gida na zuba wa awakin dusa raina a ɓace.

Sai kuma saƙonni suka fara shigowa wayata. Auta ba muguwa ba ce, in faɗi gaskiya, amma ba ta san inda za ta tsaya ba. "Yaya, ga mu a Badagiri, an nuna mana sarƙoƙin da ake ɗaure bayi, Inna har da hawaye." Na ce a raina, ai sai a yi ta kuka, mu ma nan jar akuya ta ci mini zanin shanya. "Yaya, mun hau kwalekwale, Inna ta karanta duk addu'ar da ta sani." Ta turo hoton wata gada ta igiya a saman bishiyoyi, wai tana lilo in an taka, Inna ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta hau ba. Ta turo Inna riƙe da ɗanyar kwakwa an fasa mata kai, tana sha da tsinke kamar 'yar makaranta. Kowanne na amsa da "Masha Allah", na kife wayar a kan katifa.

Wanda ya gama da ni shi ne bidiyon bakin teku. Inna ta tuɓe takalmi, ta tattare zani zuwa ƙwauri, tana takawa a hankali. Ruwan ya taho da farin kumfa ya doke ta har gwiwa, da zai koma ya ja gefen zanin. Sai ta ƙwalla ƙara ta ƙanƙame Auta, su biyu suka zube a yashi, Inna na dariya har tana riƙe ciki. Bakinta a buɗe gaba ɗaya. A nan na ga ashe tana da giɓi can ciki ta hagu. Na haifi 'ya'ya, na aurar da ta fari, ban taɓa sanin mahaifiyata na da wannan giɓin ba, don ba ta taɓa buɗe baki haka a gabana ba. Na maimaita bidiyon har cajin wayar ya ƙare, kuma kowane kallo kishi ne, ba na ɓoyewa.

Da suka dawo gidan ya cika da mata 'yan sannu da zuwa. Tun daga zaure nake jiyo muryar Inna tana ba da labari, wai jiragen ruwa sun fi masallacin Juma'a girma, wai yashin wurin ko ɗigon ƙasa babu. Ina yin sallama ta rage murya, ta koma gyaran ƙullin tsaraba. Yara suka samu ƙananan bawon katantanwar teku masu kama da wuri, kuɗin mutanen da, mata suka samu ruwan teku a 'yan kwalabe, wai yana maganin ƙaiƙayi. Auta ce ta miƙo mini atamfar ankon biki ta ce, "Yaya, ga naki."

Da mutane suka ragu na yi abin da ban saba ba. Na durƙusa kusa da tabarmarta na ce, "Inna, yaya tekun yake?"

Ta dubi ƙofa. "Ruwa ne," ta ce.

Ban haƙura nan take ba. Na ce a raina, ai mu ma muna da abin kallo. Duwatsun garinmu masu zanen shanu na mutanen da, har daga nesa ake zuwa ganinsu, ɗalibai cike da mota. Na aiki wata yarinya ta faɗa wa Inna cewa ranar Asabar zan ɗauki a-daidaita in kai ta, mu biyu kawai. Amsar da ta ba 'yar aiken ita ce, a bayan duwatsun nan ta yi kiwo har ta gaji, in akwai sabon abu a zo a faɗa mata. Na ji haushi ƙwarai, musamman da yake gaskiya ta faɗa.

Sau ɗaya na fasa wa Auta abin da ke cikina, da na je Gwaram barkar haihuwarta. Sai ta ce, "Haba Yaya, ke fa ake ji da ke. Ke ce babba, ke ake wa kunya. Ni wa ya ɗauke ni a bakin komai?"

Na ce, "To mu yi musaya. Ki karɓi girman, ki ba ni ranar nan guda."

Ta ce in dai teku ne, za ta sa maigidanta ya shirya mini tafiya in zai kai riɗi kudu. Na ce ta bar shi. A lokacin na riga na san ba ruwan nake nema ba. Ko an kai ni an tsoma ni ciki, Inna ba za ta ƙanƙame ni ba.

Shekaru suka tura. Idanun Inna suka yi hazo, ƙafar ta kwantar da ita, daga baya tunaninta ya fara rikicewa. Takan tambayi Baba ko ya dawo daga gona. Ni ce dai a wurin, ni ke mata wanka, ni ke dama mata kunu. Ko a haka ba ta bar alkunyarta ba, in ta gane ni ce sai ta juya fuska bango ta ce a rage gishiri a miya.

Wani hantsi na fito da ita inuwar darbejiya ina shafa mata man zafi a gwiwa. Sai na ji ta kama wuyan hannuna, ta riƙe gam. Ta ɗago fuska ta dube ni kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba, tana murmushi.

"Auta," ta ce, "kin tuna ranar da ruwan nan ya so ya tafi da zanina?"

Babu kowa a tsakar gidan. Da na ce, "Inna, ni ce," da ta saki hannuna ta sunkuyar da kai, na sani. Zuciyata ta yi zafi, don ko wannan riƙon ba nawa ba ne, na Auta ne tana can Gwaram ba ta ma san ana yi ba. Na ajiye kwalbar man a ƙasa, na matsa har gwiwata ta taɓa tata.

"Na tuna, Inna," na ce. "Amma ki sake ba ni tun daga farko."