Mama Liyatu da Guntun Zanen Wushishi

Mu da muke layi ɗaya da Mama Liyatu a Dutsen Kura mun daɗe ba mu dogara da zakara ba. Gari na wayewa za ka ji ana jan keken ɗinki zuwa baranda, ƙafafunsa na ƙarfe suna kartar siminti, mijinta Baba Gaiya yana mita wai wata rana sai ta tone masa daɓe. Ita kuwa sai ta ɗiga wa keken mai, ta goge shi da tsumma, ta yi 'yar addu'arta, sannan ta ɗora ƙafa. Daga nan kuma sai la'asar. Haka take tun shekarar da Minna ta zama babban birnin jiha, lokacin da ta baro ƙauyensu Garatu da keke ɗaya a bayan a-kori-kura, har zuwa bara.

Ba ta ɗinka riga, ba ta ɗinka siket. Jaka take yi, 'yar ƙarama mai hannu biyu, irin wadda mace ke ratayawa a kafaɗa. Matan zumunta suna saka Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi a ciki, matan Islamiyya suna saka nasu littattafan, masu jego kuma katin asibiti da wandon jariri. In ka tsaya bakin kasuwa da hantsi sai ka gaji da ganin aikinta yana wucewa, amma da wuya ka samu wadda ta san cikakken sunanta. Wannan abu yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Kekenta na ƙafa ne, irin na kowa, amma da shi take surfani. Sai ta kwance 'yar ƙafar da ke danne ƙyalle, ta ɗaure yadin a ƙawanyar katako ya yi tamau kamar fatar ganga, ta zana fure da alli. Ƙafa tana takawa, hannu yana juya ƙawanyar a ƙarƙashin allura, baki kuma bai fasa hira ba. Kafin ki gama yi mata ƙorafin tsadar manja, furen kabewa ya fito da zaren siliki har da ganyensa. Kada ma ki kawo mata furen Turawa na jikin kalanda. Cewa za ta yi abin da bai taɓa tsirowa a Garatu ba, ba shi da aiki a jakarta.

Abin da ya raba ta da sauran teloli kuwa yana daga ciki. Surfani komai kyansa, bayansa cike yake da ƙulle-ƙullen zare, saboda haka dole a yi wa jaka shafi, wato ƙyallen da ake ɗinkawa daga ciki ya rufe su. Wasu farin akoko suke saya su sa. Mama Liyatu ba ta taɓa sayen shafi ba. Duk wadda ta zo sai ta ce mata, "Koma gida, kawo tsohon zani." Na uwa, na kaka, na goyon fari, wanda dai aka kasa ɗaurawa aka kuma kasa yarwa. Ranar da ta faɗa mini haka na ɓata rai, na ce, "Haba Mama, sabuwar jaka da tsumma a ciki?" Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Waje na mutane ne, su kalla. Ciki naki ne, ke kaɗai za ki sa hannu." Na koma ina ƙunƙuni na kawo zanen da na goyi ɗana na fari da shi. Yau yaron ya fi ni tsawo, amma duk sanda na laluba makulli a jakar sai na taɓa zanen.

Ke ce, Liyatu ta Gaiya, kika sa matan gari guda suka daina mayar da zanen iyayensu tsumman goge tukunya. Ke ce ba ki taɓa tambayar mace inda take ibada ba kafin ki miƙa mata kujera, zanenta kawai kike tambaya, da mai shi.

Bara da damina na ga abin da ya sa na ce lallai sai na rubuta wannan jinjina. Akwai Saudatu, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ke bayan layinmu. Mahaifiyarta ta rasu a Wushishi lokacin ita Saudatu tana kwance a asibiti, kafin ta samu sauƙi ta je an raba tufafin mamaciyar wa dangi. Abin da ta tarar guntun baƙin zane ne da ake rufe kwalla da shi, ya sha wanki har ana hango hasken rana ta cikinsa. Shi kaɗai ya rage mata na uwarta. 'Yarta Jummai kuwa, wadda kakar ta yaye ta kuma ta raine ta, ta samu makarantar koyon jinya a Bida. Saudatu ta kawo guntun a yi wa yarinyar shafin jaka ta tafi da shi. Da ƙyar zai isa, kuma yanka ɗaya zai ɗauka. In almakashi ya kauce, shi ke nan.

Mama Liyatu ta gama surfanin waje da wuri, amma guntun zanen sai ta ajiye. Tafiyar Jummai tana matsowa, Saudatu tana sintiri, kullum sai a ce mata ta dawo. Muka fara mamaki, don Mama ba ta cikin teloli masu gobe-gobe. Ashe yanar ido ce ta fara rufe mata gani, babu wanda ya sani.

Ina zaune a barandar da hantsi ranar da Saudatu ta zo da Jummai, fuskarta ba walwala. Mama ta ture keken gefe ta ce, "Maman Jummai, zauna. Zan faɗa miki gaskiya. Ba na gani sosai yanzu. Fure, ƙafa ta sani, hannu ya sani. Amma wannan zani sai an bi zarensa da ido. In na yanka shi karkace zai warware, kuma babu wani a Wushishi."

Saudatu ta ce, "To Mama, ko a kai wa wani tela ya yanka mana?"

"Tela zai yanka shi kamar akoko. Bai san mai shi ba. Ke za ki yanka."

"Ni? Wallahi Mama, ko ƙyallen faci ban taɓa yankawa daidai ba."

"Ke kina da ido, ni ina da hannu. Matso."

Ta shimfiɗa zanen a tebur, ta zura yatsun Saudatu cikin almakashi, ta ɗora nata hannun a kai. Da ɗaya hannun tana shafa zanen tana lalubar saƙarsa. Ta ce, "Duba zare ɗaya, ki bi shi. In mun kauce, ki yi magana." Baba Gaiya, wanda rediyonsa ba ya hutawa, ya miƙa hannu ya kashe shi. Saudatu tana gumi tana cewa, "Dama kaɗan, Mama. Tsaya. To, mu je." Haka suka yi ta tafiya a hankali har almakashi ya fita ta ɗaya gefen, zanen bai yage ba.

Sauran aikin Mama ta san shi da ka. Ta shimfiɗa wa tsohon zanen wani ƙyalle mai laushi a bayansa don kada nauyi ya hau kansa. Ta haɗa shafin da jakar fuska da fuska, ta zagaye bakin da keke, Saudatu tana riƙe mata gefe. A gindin shafin ta bar 'yar kafa, wadda ta nan ake jawo jakar duka ta juyo daidai. Ta miƙa wa Jummai ta ce ita za ta jawo. Yarinyar ta jawo a hankali, jaka ta fito fes, furen kabewa a waje, baƙin zane a ciki. Ta zura hannu, ta daɗe ba ta fito da shi ba. Sannan ta ce, "Umma, da wannan Kaka take goya ni." Saudatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma na yi kuka, ba na ɓoyewa.

A ranar Mama Liyatu ta ce mana wannan ce jakarta ta ƙarshe, kuma tana dariya ta faɗa. Matan zumunta sun yi maganar kai ta wurin likitan ido, ta ce madalla, in an dace ta gode, in ba a dace ba ta ga furanni sun ishe ta.

Mama, da kin so da kin yanka da ka. In ya yage a ce ai tsohon zane ne, babu mai ganin laifinki. Amma kika zaɓi ki faɗi maganar da kowane tela ke tsoro, a gaban maƙwabta, don kada ki ɓata wa marainiya abin da ya rage mata. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya ke da Baba Gaiya.

Ku kuma masu sana'a, teloli da waɗanda ba teloli ba, ku yi koyi da ita. In an damƙa muku abin da ba shi da na biyu, ku riƙe shi da tsoro, in kun kasa ku faɗa tun bai lalace ba. Matan Minna, duk wadda ke da jakar Mama a kafaɗa ta ratso Dutsen Kura ta gaishe ta, tana nan a baranda. In ba ta shaida fuskarki ba kada ki damu, miƙa mata jakar kawai. Za ta sa hannu a ciki, ta faɗa miki ko 'yar wace ce ke.