Abin da Aka Ciro daga Cikin Saniyar Inna

Saniyar ta Inna ce. Na fara da wannan ne saboda daga baya maza sun zauna a zaure sun yi ta yanke magana a kanta kamar ba ta da mai ita. Gado Inna ta ci daga mahaifinta, wani dattijo mai 'yan shanu a wajen Gafasa. Da aka zo rabo, 'yan'uwanta maza suka so a sayar da kasonta, ta ce a'a, a ba ta abinta da ƙafafunsa. Baba ne ya jawo ta a ƙasa tun daga can har ɗan ƙauyenmu da ke ƙasar Ajingi. Ya iso bayan la'asar yana mita, ƙafarsa duk ƙaya. Saniyar kuwa, fara mai ƙaho ɗaya a karkace, ta toge a ƙofar gida ta ƙi shiga, sai da Inna ta fito mata da kanwa a tafin hannu.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana. "Ke" ce kawai, ko "yarinyar nan". Ina da shekara goma sha uku a lokacin, kuma tun daga ranar rabin hidimar saniyar ta dawo kaina. Aka kafa mata turke a bayan rumbu, ƙarƙashin darbejiya. Da damina ni ke yankan ciyawa kafin in tafi Islamiyya. Da kaka mu tara harawa da karan dawa a kan rumfa. Inna ce mai tatsa, don saniyar ba ta yarda kowa ya taɓa mata hantsa sai ita. Takan tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyi, tana yi mata wata 'yar magana ƙasa-ƙasa da ta koya a gidansu, wadda har yau ban san ma'anarta ba.

Gonarmu ba ta da girma, gero da dawa da wake ne, sai 'yar gyaɗa a gefe. Amma tunda saniyar nan ta zo, ba mu ƙara shan fura da tsamiya ba. Ran Juma'a akwai man shanu a tuwo. Ƙannena da a da kullum suna kwance da rani suka murmure. Kashinta Baba yake kwashewa ya kai gona, har wurin da ya fi kowane fako ya soma ba da zangarniya. Maƙwabta ma sun sha nononta. Duk matar da ta haihu a unguwar, sai Inna ta aike ni da ƙwaryar kindirmo rufe da faifai. Saniyar ta haifa mana maraƙi ɗaya, aka raine shi, aka fitar da shi a shekarar da aka gyara rufin ɗakin Inna. Sannan ta sake ɗaukar ciki.

A ƙauyenmu, in an gama girbi an kwashe amfani, gona ta zama ta kowa har ruwa ya sauka. Akan saki dabbobi su yi kiwo duk inda suka ga dama, su ci kara su bar taki. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa cewa ga iyakar gonarsa da rani.

A shekarar da nake magana, magadan gonar da ke gabas da gidanmu suka sayar wa wani Alhaji, mutumin Gaya mai harka a Kano. Ba ma ganinsa sai jefi-jefi, ya zo da mota ya tsaya a inuwa yana nuni da makulli. Ana cikin rani sai ga tifa ta shigo, ta juye wani abu baƙi a tsakiyar gonar. Washegari wata ta zo. Kafin mako ya zagayo an yi tsibi-tsibi har bakin dangarmu. Aka ce taki ne, sharar birni ce da aka kwaso daga bola.

Na je na gani da idona. Akwai ƙasa da toka a ciki, ban musa ba. Amma abin da ya fi yawa leda ce: baƙar leda, ledar fiyawata, ledar omo, ledar biskit, ga ƙunzugun jarirai, ga fasassun kwalabe, ga batir da tsumma. Wari kuwa sai da muka daina cin abinci a tsakar gida. Da iska ta taso sai ledojin su tashi kamar hankaki, su maƙale a ƙaya, su faɗo cikin rijiya, su shiga har cikin tukunyar ruwa. Kuma leda ce mai ɗanɗano, wadda aka ƙulla gishiri ko mai ko ƙosai a ciki. Dabba ba ta san bambanci ba.

Inna ta ce wa Baba, "Malam, ka je ka yi wa mutumin nan magana. Abin nan zai kashe mana dabbobi."

Baba ya je. Mutum ne mai sanyi, wanda ko akuyar wani ta ci masa shuka sai ya jawo ta ya mayar wa mai ita yana ba shi haƙuri. Ya dawo ya ce Alhaji ya yi dariya, ya ce manoman bakin Kano duk da wannan suke noma, mu ne dai ba mu waye ba.

"To, kai me ka ce masa?"

"Me zan ce? Gonarsa ce."

Daga nan muka daina sakin saniyar. Sai dai mun makara, don ta riga ta yi kwanaki tana kiwo a wurin kafin mu farga, kuma ko a turke iska na kawo mata har gabanta. Kullum da safe nakan tsince ledoji a kewayenta, in na dawo daga makaranta in tarar da wasu. Ranar da na ga bakin wata baƙar leda yana leƙowa daga bakinta, na zura hannu na jawo, ta fito doguwa da yawu, na san ba ita ce ta farko ba.

Saniyar ba ta faɗi rana ɗaya ba. A hankali ta riƙa ramewa, ƙashin ƙugunta ya fito, cikinta kuma yana ƙara girma yana tauri. Muka ɗauka ɗan cikin ne. Sai ta rage cin harawa. Sai ta daina tuƙa, ta tsaya kawai kanta a sunkuye, tana nishi. Inna ta jiƙa mata kanwa, ta dafa mata saƙe-saƙi, ta ɗura mata man gyaɗa, duk a banza.

A nan ne bakin mutane ya buɗe. Matan da suka sha kindirmonta da jego su ne suka ce Inna ta cika tatsa, ta tsotse dabba har ta ƙare. Wata ta ce baki ne, don Inna ta cika nuna abinta. Wata tsohuwa ta zo har gida ta ce a binciki dangin Inna, wataƙila akwai wanda bai ji daɗin rabon gado ba. Ga tsibin shara a gabansu, suna toshe hanci in za su wuce, amma ba wadda ta nuna shi da yatsa, saboda mazansu da 'ya'yansu ne ke yi wa Alhaji aikin watsa shi.

Da abin ya ƙi, Baba ya ɗauko malamin dabbobi daga Gaya a kan babur. Mutumin bai daɗe ba. Ya danna cikin da dunƙulen hannu, ya kasa kunne, ya miƙe ya dubi gonar gabas.

"Leda ce," in ji shi. "Ta cika mata tumbi. Da da wuri ne, da an farka an ciro. Yanzu ba za ta iya ɗauka ba, ga ciki. Ku yanka ta kafin ta zama mushe."

Inna tana bakin ƙofar ɗaki. Ta ce, "Ɗan cikin fa?"

Ya girgiza kai.

Washegari da hantsi mahauci ya zo. Inna da kanta ta kwance igiyar, ta miƙa wa Baba, ta shiga ɗaki ta saki labule. Ni na tsaya. Na ga an fitar da 'yar maraƙa, ta riga ta yi gashi, fara kamar uwarta. Sannan mahauci ya farka tumbin, ya sa hannu biyu ya kasa ɗagowa, sai da wani ya kama masa. Wani dunƙule ne baƙi, ya murɗe ya cure kamar saiwar itace, da igiya da tsumma da ƙusa a jikinsa. Mahaucin ya yi salati, ya ce shekarunsa nawa yana fawa bai taɓa ciro mai girman wannan ba.

Kafin azahar gidanmu ya cika da kwanuka. Waɗanda suka ce baki ne, da waɗanda suka ce yawan tatsa ne, duk sun aiko a sam musu nama. Baba ya yi ta rabawa. Inna ba ta ci ba, ni ma ban ci ba.

Da aka watse ta fito, idonta a bushe. Ta ce, "Ke, ɗauko babban daro." Muka sa dunƙulen a ciki, muka yi ta zuba ruwa har rubutun jikin ledojin ya fito. Ta rufe shi da buhu ta ajiye a bayan rumbu. Kwana uku yana nan, ƙudaje na bi, Baba na cewa a binne, tana cewa a bari. Ran Asabar aka ce motar Alhaji tana ƙofar gidan mai unguwa. Inna ta sa hijabi, ta ɗora mini daron a ka, ta ce wa Baba, "Malam, ko ka shige gaba, ko mu tafi mu kaɗai."

Ya shige gaba.

A zauren mai unguwa akwai dattawa huɗu ko biyar, Alhaji na kan kujera. Na sauke daron a tsakiya na yaye buhun. Kowa ya ja da baya. Inna ta tsaya daga waje, jikin bango, inda za a ji muryarta. Baba ya durƙusa ya yi bayani, yana ta sassauta maganar har ta kusa zama gaisuwa.

Alhaji ya toshe hanci da hankici ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Amma ni ban kira saniyar kowa gonata ba. Mai dabba shi ke tsare dabbarsa."

Daga waje Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, a tambaye shi, ledar da ke cikin rijiyata ita ma ni na kira ta?"

Mai unguwa bai tambaye shi ba. Shi da ya fi kowa sanin cewa da rani gona ta kowa ce, shi da nasa shanun ke kwana a gonarmu kowace shekara, sai ya shiga wa'azi. Ya ce kowane rai da ajalinsa, dabba ma haka. Ya ce Alhaji baƙo ne mai son garin nan da alheri, ya yi alkawarin gyara masallaci. Ya ce haƙuri maganin zaman duniya. Sannan ya juya wajen Baba, ba wajen Inna ba, ya ce, "Malam, ka haƙura?"

Baba ya ce, "Na haƙura, ranka ya daɗe."

Aka shafa fatiha. Ba wanda ya ce a kwashe sharar, ba wanda ya ce a daina kawowa. Ni aka ce wa in ɗauke wannan ƙazantar daga zauren mutane.

Na ɗauki daron, muka kama hanyar gida. Sai da muka shiga gida Inna ta cire hijabi, ta ninke shi, ta ce, "Malam, da ka ce ka haƙura, da me ka haƙura? Taka ce?" Ban taɓa jin ta yi masa magana haka ba. Baba ya ɗauki fartanya ya fita, alhali ba lokacin noma ba ne.

Bayan kwana biyu direban Alhaji ya kawo saƙo, wai a ba maiɗakin Malam ta rage zafi. Katan ne na madarar gari, irin wadda ake ƙullawa a ƙananan ledoji. Inna ta buɗe, ta ɗago jere ɗaya ta duba, ta mayar. Ta ce wa direban, "Ɗana, kai ba ka yi mini komai ba. Mayar masa. Ka ce yarana sun san nono." Ƙannena suna kallo har aka fita da katan ɗin, ƙaramar tana kuka. Wannan kukan ma a wuyan Alhaji na ɗora shi.

Kafin ruwa ya sauka awaki sun mutu a gidaje da dama, kowa ya yi shiru. Sai da bazara ta gaba, da ɗaya daga cikin shanun noman mai unguwa ya daina tuƙa, aka yanka aka ciro irin abin da aka ciro a gidanmu, sannan aka yi shela bayan sallar Juma'a cewa daga yau ba a yarda a ƙara juye sharar birni a gonakin garin nan ba. Dattawa suka yi ta yaba hangen nesan mai unguwa. Ba wanda ya ambaci Inna, ba wanda ya tako ya ce mata ashe gaskiyarki.

Baba ne ya kawo mana labarin shelar. Ya tsaya a tsakar gida da hularsa a hannu, ya faɗa, yana jiran ta ce wani abu. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Can ya ce, "Ranar nan, ke ya kamata a tambaya."

Ta ce, "Ni ya kamata."

Ya zauna a kan turmi. Ta ci gaba da tankaɗenta, sannan ta ce in zuba masa ruwa a buta, la'asar ta yi.