Dutsen Niƙa a Layi na Huɗu

Ina neman afuwar manya da na ɗauki biro a kan wannan rashi. Ni 'yar aji biyar ce a sakandare, kuma da yawa sun fi ni sanin marigayiya. Na je gidan makoki da magana a bakina, kunya ta hana ni faɗa, shi ya sa na rubuta.

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, muka dawo daga makaranta muka tarar da shagon Anti Dorcas Albert na unguwar Television a kulle. Mai sayar da lemo a gefen shagon ce ta gaya mana ta rasu da safe, bayan gajeriyar jinya.

Anti, manya sun san ki da buga takardu a kwamfuta. Mu yaran layi da wani abu muka san ki. Kin samo tsohon gem, wasan kwamfuta na harbin jirage wanda yayyenmu suka yi yayinsa, kika cire kiɗan da ya zo da shi, kina sa waƙoƙin kakarki daga kaset ɗin da kika ɗauko a ƙauye. Gem ɗin ba ya karɓar muryar mutum, sauti layi huɗu kawai ya sani. Dole a saurari waƙa, a jera sautinta ɗaya bayan ɗaya, sannan a juya fayil ɗin zuwa irin wanda yake ganewa.

Wata rana ina jiran takardata, ina bin waƙar ƙasa-ƙasa, kika juyo. "Ke Vicky, ashe kina da kunne kike ɓoyewa? Jawo kujera." Ba ki taɓa yi mini tsawa ba, ko ranar da na mai da waƙar biki kamar ta jana'iza.

Layi na huɗu ba shi da daɗi, shuu kawai yake yi, na ƙarar harbi ne. Ke kika mai da shi ƙarar dutsen niƙa a waƙar niƙan kakarki. Sai dai duk lokacin da aka yi harbi, dutsen yakan ɗauke. Nuhu ɗan maƙwabta ya daina harbi don ya ji waƙar har ƙarshe, jirage suka gama da shi. Kika yi dariya har da hawaye. "Ku ga yaron nan, ya ba da ransa saboda kakata." Yanzu yaran da ba su jin ko gaisuwa da yarenku suna rera ta a bakin famfo.

Saura waƙa uku, Anti. Na ji ana cewa ƙaninki Ernest zai goge kwamfutar ya tafi da ita Kafanchan, kuma babu wannan aiki a ko'ina sai cikinta. Baba Albert, Yaya Ernest, ina roƙonku ku dakata. Ku bar ni in kwafe shi a faifai, ku ba ni aron kaset ɗin. Na iya, ita ta koya mini. Zan ƙarasa ko da zai kai ni hutun ƙarshen shekara.

Ubangiji ya ji ƙanki, Anti Dorcas, ya ba ki hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da Baba, da Mama Juliana, da dukan dangi.

Idan kun yarda, ku ba ni izini in sake rubuto muku ranar da waƙa ta ukun ta shiga, domin ku zo ku fara ji kafin kowa.

Vicky Harrison