Ranar da rimi ya miƙe da ni

Har yanzu in na ga gungume a kwance sai na kewaye shi. Mma, mahaifiyata, ta ce in daina, mutane na kallo, amma ƙafafuna ba sa jin maganarta.

Ruwan farko na shekarar 1970 ya zo da iska da la'asar, ya kayar da babban rimin da ke bakin rafi a bayan gidanmu. Ya faɗi ya gitta rafin, saiwoyinsa suka tuge da ƙasarsu, suka tsaya sama kamar bangon ɗaki. Duk abin da ruwa ya kwaso daga unguwar Alabar, ganyen da ake naɗe tuwon dokunu, tsofaffin kwanduna, har mushen akuya, sai ya maƙale a rassansa. Mata kam murna suka yi, suka ɗaura masa igiyar riƙewa, ya zama gadar zuwa kasuwa. Mu kuwa ruwa ya rasa hanya, ya juyo yana lasar katangarmu. Katangar ƙasa ce, kuma ɗakin Mma ne jingine da ita. Kowace safiya takan fita ta danna yatsa a jikinta, kullum yatsan ƙara nutsewa yake.

Majalisar gari ta ba da kwangilar cire itacen, sai ga kawuna, ƙanen Mma, shi ya samu. Kawu ɗan goro ne, ko gwanda bai taɓa sarewa ba. Amma waɗanda suka san aikin duk sun hau manyan motoci tun ƙarshen bara, lokacin da aka ce baƙi marasa takardar zama su bar ƙasar. Ƙofofinsu na nan da kwaɗo har yau.

"Kai da ko kaza sai an yanka maka?" in ji Mma.

"Yaya, ɗan kwangila ba ya sara. Nuni yake yi."

Ya aro takalmin ruwa da ya fi ƙafarsa, ya ɗauko mutum biyu daga unguwar Anloga da dogon zarto mai hannu biyu. Maame, tsohuwar Ba'asantiya mai sayar da dokunu a bakin rafin, ta tare shi da yaren Tuwi, ta ce ba a taɓa irin wannan itace sai an zuba masa giya an nemi izini.

"Maame, ni da alwala? Ga goro dai." Ya ajiye fari guda a kan ɓawon.

"Rimi ba ya cin goro," ta ce, ta koma wajen tukunyarta.

Da azahar Mma ta aike ni da langar wake da shinkafa da taliya. Ko'ina taɓo ne, sai na hau gungumen ta wajen gindi na zauna, langa a cinya. Masu zarto na gaba da ni kaɗan, sun kusa ratsawa, Kawu na tsaye ƙasa yana nuni.

"Ke 'yar sakandare, riƙe abincin ma'aikata da kyau!"

Na ji ƙara kamar an fasa ƙwarya. Sai abin da nake zaune a kai ya motsa. Ban san lokacin da na saki langa na cafke igiyar nan ta mata ba. Rafi ya yi ƙasa, rufin gidanmu ya zo daidai idona, kututturen ya koma raminsa da wani irin dum da na ji har haƙorana. Rimi ya miƙe tsaye, ni kuma ina lilo a jikinsa kamar wanki.

Langar kuwa Kawu ta samu. Ya tsaya da wake a hula, taliya a kunne, yana "Innalillahi! Yaya za ta kashe ni!" Maame ce ta fara nutsuwa, ta sa masu zarto suka tara hannu na faɗo musu.

Mma ta iso da gudu ba mayafi. Ta shafa ni daga kai har ƙafa, sannan ta juya.

"Nunin ke nan?"

Kafin Kawu ya sami amsa, gungumen da aka yanke ya juya, nauyin ruwa ya ture shi ya kwantar da shi a gefen gaɓa. Rafi ya wuce da gudu, da akuyar da komai.

Maame ta ce ƙishirwa ce ta tashe shi. Mma ta ce aljannun rimi ne, ta yi ta yi mini turaren hayaƙi. Ni na sani, an koya mana a makaranta, ƙasar da ke manne da saiwoyin ce ta rinjaya da aka rage masa nauyi. Na faɗa wa ƙafafuna haka sau da yawa, har yanzu kewaye gungume suke.

Bayan 'yan kwanaki Mma ta kira ni bayan gida, ta kama yatsana ta danna a katanga. Yatsan ya ƙi shiga. Kututturen na can tsaye, har ya fara toho. Kawu ya ce wannan ba ya cikin kwangilarsa, shi itacen da ya faɗi aka ba shi.