Ɗan Kanari a Makama

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar Maiduguri, ni da wani abokin aikina. Yayata da ke aure a Yola ce ta aiko in zo: 'yarta ta kusa shekara uku ba ta fara magana ba.

Hanyar Biu ta jijjiga mu ƙwarai. A Song muka sha fura da nono mai kauri, da arha har na yi zaton mai tallar ta yi kuskure. Da la'asar jirgin fito ya haye da mu kogin Binuwai zuwa Jimeta, ina riƙe da ƙarfen jirgin don tsoro, matan da ke gefena suna ta dariyata.

A gidansu da ke unguwar Makama na tarar da abin da ya fi shirun yarinyar ciwo. Dada, surukar yayata, ta ce harshe biyu ne ya rikita jikarta, don haka a yi mata Fulatanci kawai. Yayata kuwa ba ta iya ba, sai ta koma yi wa 'yarta wanka da abinci baki rufe.

Maigidan, mijin yayata, yana kiwon kanari. Ya rataye kejin ƙarami kusa da na tsoho don ya ɗauki waƙa. Na tuna a jami'a mun karanta cewa ɗan tsuntsun da aka raba da muryar manya ba ya iya waƙa daidai, wanda yake ji kuwa yakan daɗe yana gunguni kafin ya buɗe murya. Na faɗa wa Dada, ina ta nanata cewa mutum ba tsuntsu ba ne, wataƙila ma ban fahimta da kyau ba.

"Kawu, tsuntsaye aka tura ka karantowa?" in ji ta, da sunan da yaran gidan ke kirana.

Washegari da hantsi muka ji yarinyar a ƙarƙashin kejin tana gunguni. Babu kalma ko ɗaya, amma karin waƙar da uwarta ke rarrashinta da ita tana jaririya ne. Dada ta daɗe tana saurare, sannan ta dubi yayata. "'Yata, yi mata da bakinki. Ni ma zan yi da nawa."

Na dawo Maiduguri yarinyar ba ta ce komai ba tukuna, kuma ba zan iya rantsuwa cewa na yi daidai ba. Na dai roƙe su su kai ta wurin likita ya duba kunnenta. Abin da na koya shi ne yaron da ya yi shiru yana iya kasancewa saurare yake. Ranar da zan taho, da na fito zaure, ina jiyo yayata tana ba 'yarta labarin tsoron da na ji a jirgin fito.