Ranar da Na Mayar da Kaset na Biyu

A shekarar da aka rage ma'aikata a masaƙar da Baba yake aiki a Kakuri, a ita ce injin wasa ya shigo gidanmu na Makera. Ina aji biyu na sakandare lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Kawunmu, ƙanen Mama, direban babbar mota ne, shi ya zo da shi daga Legas a cikin kwali, da kaset guda ɗaya tak. Ana jona injin da talbijin, a cusa kaset ta sama, sai wasa ya fito. Abin da ake riƙewa ana dannawa kuwa "hannu" muke ce masa, kuma har yau ban nemi sanin wani sunan ba.

Wasan ba shi da tarkace. Wani ɗan mutum ne mai kwando a ƙarƙashin bishiyoyi huɗu, 'ya'yan itace na faɗowa, kai kuma ka kai shi dama, ka kai shi hagu, ya tare. Uku suka taɓa ƙasa, ka mutu. Ɗan mutumin ba ya zuwa ko'ina, ba ya magana da kowa. Gudun faɗowar ne kawai yake ƙaruwa, lamba kuma tana hawa a saman allo. Dokar gidanmu ɗaya ce: in ka mutu, ka miƙa wa na kusa da kai. Ni da yayana da ƙannenmu biyu muke zagayawa, ba mai riƙe hannu ya wuce minti uku.

Da farko Baba shirme yake ce masa. Tun da aka sallame shi ya zama mutum marar magana, sai ya wuni bai ce uffan ba in ba amsa sallama ba. Wata rana bayan la'asar ya tsaya a bayanmu yana kallo, da yayana ya mutu sai muka ji ya ce, "Miƙo nan." Ya zauna a tabarma, ya gyara hularsa. Ai kuwa ranar muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Mu abin da yake faɗowa muke bi da ido. Shi kuwa tsakiyar allo ya kafa wa ido, bishiyoyin huɗu duk yana ganinsu a tare, kafin ɗan itace ya saki reshe kwando ya riga shi isa. Shekara ashirin ya yi yana tsaron injin saƙa huɗu a lokaci guda, yana jiran zaren da zai tsinke, to ina 'ya'yan itace za su ba shi wuya? Da ya mutu a ƙarshe, lambar da ya bari ta ninka ta yayana sau biyar. Ya yi dariya har da buga cinya.

Daga nan abin ya zama na kullum, muddin akwai wuta. Ya dawo daga masallaci, ya cire takalmi, ya ce, "To, wa zai fara shan kaye?" Ni ba wasan ne ya dame ni ba. Abin da nake so shi ne in ga Baba a kan tabarmar nan yana dariya, domin in ba a wannan sa'ar ba, ba ma jin dariyarsa.

Sai labari ya iso makaranta cewa kashi na biyu na wasan ya fito. A Kakuri akwai wani Ibo mai gyaran rediyo da bidiyo, yana rataye kaset-kaset a igiya a bayan teburinsa. Ka kai naka, ka ɗora ɗan abin da ya sauƙaƙa, ya ba ka wani. Ni da yayana muka yi shawara a kan hanya, ba mu ga abin tambayar kowa a ciki ba. A ganinmu kamar littafin karatu ne, wanda ya kai na biyu ai ya gama da na ɗaya. Har cewa muka yi Baba zai fi kowa murna, bishiyoyi za su zama takwas. Muka kai na farko, muka karɓo na biyu.

Gaskiya a faɗe ta, na biyun ya yi kyau. Launi ya fi yawa, kiɗa ya fi daɗi, kuma ɗan mutumin ya bar gonar ya kama hanya. Akwai kogi, akwai kogo, akwai garuruwa da ƙofofi da makullai. Kwandon yana nan a bayansa amma ba ya amfani da shi, abin da ya ba ni haushi tun ranar farko. In ba za ka tari komai ba me ya sa za ka yi ta yawo da kwando? Lamba ta ɓace daga saman allo, ba a san wa ya fi wa ba. A kowane lungu kuma ga wani tsoho a tsaye, in ka taɓa shi sai rubutun Turanci ya cika ƙasan allo. In ka gaji za ka kashe, sai ya ba ka jerin haruffa ka kwafe, gobe ka shigar da su ka ci gaba daga inda ka tsaya. Abin da ya fi ɓata mana tsari shi ne mutuwar cikinsa ba mutuwa ba ce. Ka faɗa rami, ka tashi a bakin ramin. Sai dokar gidanmu ta rasa wurin zama. Yayana ya riƙe hannu awa guda, in ka yi magana ya ce, "Ai ban mutu sosai ba."

Baba ya shigo da la'asar kamar kullum, ya zauna, ya dubi allo.

"Ina bishiyoyin?"

"Baba, wannan na biyu ne," in ji yayana. "Ya fi wancan nesa ba kusa ba."

Baba ya karɓi hannu. Ya tura ɗan mutumin gaba, ya ci karo da tsoho, rubutu ya fito. Baba ajami yake karantawa kamar ruwa, boko kuma yana harhaɗawa, amma Turancinsa na cikin masaƙa ne, bai wuce sunayen ƙarafa ba. Ya tambayi abin da tsohon ya ce. Yayana, da ya ƙagara a dawo masa da hannu, ya ce, "Ba komai, Baba, danna kawai." Ya danna, ya ci gaba, ya faɗa rami. Ya tashi, ya sake faɗawa. A ta huɗu ƙaramin ƙanenmu ya kece da dariya. Baba ya ajiye hannun a hankali a kan tabarma, ya ce, "Ku yi abinku," ya sa takalminsa ya fita.

Bai sake zama ba. Bayan la'asar sai ya wuce kan bencin ƙofar gida, inda 'yan'uwansa da aka sallama tare suke taruwa, har da wani abokinsa tsohon akawun masaƙar. Ina hango su ta taga sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa, na ce a raina shi ke nan, ya koma cikin masu lissafin baƙin ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni in raina ya ɓaci sai na samo mai laifi. Na ɗora wa yayana, na ɗora wa tsofaffin nan masu Turanci, na ɗora wa duk wanda ya zauna a wata ƙasa ya ga abu yana aiki lafiya ya ce sai ya ƙara masa kogi. Wani lokaci in mun dawo daga makaranta nakan taɓa injin in ji shi da ɗumi, sai in ce zafin kwanon rufi ne.

Mama takan ce da ni, "Ke dai rawar kanki ta yi yawa, ki riƙa tambaya." Ban tambaya ba. Wata Alhamis, kusan mako biyu da canjin, na dawo daga makaranta na tarar Baba ya tafi jana'iza, yayana bai dawo ba. Na zare kaset ɗin, na naɗe shi a gyalena, na taka har Kakuri a ƙasa cikin rana.

Mai shagon ya juya kaset ɗin a hannunsa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Small madam, ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, Oga. Na farkon nake so."

"Na wa o, abin mamaki! Tun da na buɗe shagon nan ba wanda ya kawo part two yana neman part one. You sure?"

Na ce na tabbata. Na farkon yana nan a ƙarshen igiya inda aka rataye shi, ba wanda ya ko taɓa shi. Ya hure masa ƙura ya ba ni, bai karɓi komai ba, yana ta girgiza kai.

Da aka idar da la'asar na kunna, na tare Baba a soro kafin ya kai benci. Na ce ya zo ya ga wani abu. Ya biyo ni, ya tsaya a bakin ƙofar falo. Bishiyoyi huɗu na nan a allo, ɗan mutumin yana jira da kwandonsa. Ina ta kallon fuskarsa ina jiran dariya.

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Ina ɗayan?"

"Na mayar, Baba. Na karɓo maka naka."

Mama tana ƙofar madafa da ludayi a hannu, ta rufe baki da bayan hannunta, ban gane dariya take dannewa ko me ba. Can ta ce, "Malam, sai dai ka nuna mata."

Ya shiga ɗaki ya fito da wata takarda a ninke. Irin takardar nan ce mai gida-gida da ake zana adon atamfa a kanta, guda shida ko bakwai an manne su da juna. Ya shimfiɗa ta a tabarma. Duk ƙasar wasan na biyu ce a kwance: kogin, kogon, kowane gari da ƙofofinsa. Ko'ina ga ajami da fensir. "Nan akwai rami." "Makullin yana bayan dutse." A gefen wani tsoho ya rubuta, "Wannan ba ya da gaskiya." Ashe kullum muka tafi makaranta, in an kawo wuta, sai ya kunna. Turancin tsofaffin kuwa harafi-harafi yake kwafe shi kamar mai ɗaukar zane, da la'asar ya kai wa akawun a benci ya fassara masa. Haɗa kan da nake hangowa ta taga ashe musu suke yi a kan wace hanya ce take kaiwa gada. Ya wuce yayana da gari uku.

Ya ɗora yatsa a ƙarshen takardar. "Saura ƙofar nan. Cewa na yi jibi Asabar in kira ku ku gani."

Ni kam sai kuka. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba wanda zan ɗora wa. Ya zauna kusa da ni, don ya rarrashe ni ya ɗauki hannu ya fara tarar 'ya'yan itace. Ko ɗaya bai kuɓuce masa ba, amma bai yi dariya ba. Bayan ɗan lokaci ya bari da gangan uku suka zube.

"Wannan ina son shi, uwata," ya ce. "Amma aikin da aka sallame ni daga shi ne. Ka tsaya wuri ɗaya kana tarar abin da yake faɗowa, har ranar da za a ce ka tafi gida. Wancan kuwa tafiya ake yi. Kullum in na kwanta ina da inda zan je gobe."

Washegari bayan Juma'a muka tafi Kakuri tare. Kaset na biyun ya riga ya fita, wani daga Narayi ya ɗauka da safe. Baba ya buɗe takardar don ya nuna dalilin zuwanmu, mai shagon ya ture rediyon da yake gyarawa gefe, ya yi ta bin layukan da tsinin sukurdirebansa. "Baba, you be engineer," ya ce. Ya yi alkawarin ranar da ya dawo zai sa shi a aljihun tebur, ko gwamna ne ya zo ba zai ba shi ba.

Kwana tara muka jira. A cikinsu Baba bai koma benci ba sai jifa-jifa. Da la'asar sai ya shimfiɗa takardar a tabarma, mu zagaye ta, ya riƙa bi da mu hanya da yatsa yana kwaikwayon muryar tsofaffin da Hausa, ƙannena na birgima don dariya. Yayana, da ya ɗauki kansa gwani, ya koma ɗalibi, yana tambaya yana kwafa a bayan littafin lissafinsa.

Ranar da kaset ya dawo falonmu ya cika, har akawun ya shigo ya zauna a kujera. Baba ya shigar da haruffansa ɗaya bayan ɗaya yana duba takarda. Ya ratsa kogon, ya haye gada, bai faɗa rami ko sau ɗaya ba. Da ya iso gaban ƙofar sai ya tsayar da ɗan mutumin, ya juyo ya miƙo mini hannu.

"Baba, ai ita ce ta jawo mana duk wannan jiran," in ji yayana.

"Ita ce," Baba ya ce. "Ita ce kuma ta taka har Kakuri cikin rana don in dawo tabarma. Kai sai da na kwana uku a benci ka lura ba na nan."

Na karɓa. Ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa, ya gyara takardar a kan gwiwarsa, ya ce in bi a hankali, daga nan shi ma bai san hanya ba.