Shekara shida babu Dakta Ngozi, da bayanan da na ƙi saki

Shekara shida ke nan da rasuwar Dakta Ngozi, amma har yau in na bi ta Sabon Gari hankalina ba ya kwanciya. A unguwar aka haife ta, Hausarta kuwa ta fi ta wasunmu 'yan Fagge daɗi.

Na san ta ne ina digiri na biyu kan cutar sikila, bincikena ya tsaya cak saboda rashin sinadaran gwaji. Duk Asabar takan tara mu, mu masu fara bincike, a saman shagon yayanta, ta nuna mana rumbunan intanet inda masana ke ajiye bayanan bincikensu don kowa ya amfana. Na sauke na wasu yara masu sikila, cikin kwana uku na kai mata sakamako ina rawar jiki. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Bilkisu, kin karanta takardar da ta bayyana yadda aka tattara su?"

Ban karanta ba. Ashe duk yaron da ya koma asibiti sau biyu, sau biyu na ƙirga shi. Wata guda na yi ina gyara, ina jin haushinta.

Da na kammala nawa aikin, ta ce in cire sunayen marasa lafiya in ɗora bayanan a rumbu, tunda iyayensu sun amince. Na ƙi. Na ce wani zai kwashe wahalata ya riga ni wallafawa. Ta zare tabarau ta dube ni.

"Waɗanda kika sauke, daga ɗakin babarki kika ɗauko su?"

Na yi dariya na ce zan yi. Wani ciwo da take fama da shi ya tsananta a daminar nan, ta rasu ban yi ba.

Yanzu ni ke riƙe da ajin nata na Asabar, kuma ban san me za ta ce game da mu ba. Ɗalibaina sukan sauke bayanai a waya suna cikin adaidaita sahu a Titin Ibrahim Taiwo, manhaja ta fitar musu da jadawali kafin su sauka. Za ta yi murna, na sani. Amma za ta tambaye su ko sun san cewa kowane layi yaron wani ne da aka ɗebi jininsa yana kuka. Ni ma nakan tambaya, sai dai muryata ba ta da nauyin tata, domin na san abin da na ɓoye.

Bara wata ɗaliba, Rashidat, ta ɗaga hannu. "Malama, a wane rumbu naki yake? Ina son in gwada da shi." A makon nan na ɗora.

Ba a sace ba. Abin da ya faru ya fi ba ni kunya: wata matashiyar likita da ban taɓa gani ba ta aiko min da saƙo cewa na yi kuskure a awon jinin yara uku. Na duba, gaskiyarta. Na gyara, na gode mata, na karanta saƙon a gaban aji.

Dakta Ngozi ba ta bar littafi ba, ba a sa wa kowane gini sunanta ba. Ta bar mutane kaɗan da suka yarda a duba aikinsu a kama su da kuskure. Na shiga cikinsu a makare, shekara biyar bayan an binne ta.